Za mu yi watanni a daji, ya za mu kafa kicin?

Tambaya: Salam Malam, ni daga Aboabo nan Kumasi. Mu shida za mu je aikin gona can Afram Plains wajen Donkorkrom, wata biyar a bukka cikin daji. Ya za mu shirya wajen girki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ruga kasuwar Kejetia sayen tukwane, fara da inda kicin ɗin zai zauna, nan ne aikin yake. Nemi ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa kaɗan da wajen kwana, don abinci na kiran ɓera, ɓera kuma na kiran maciji, kuma Afram Plains ba a wasa da maciji. Duba inda iska ke kaɗawa, a hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai ka sa kicin ta ɓangaren da iska ke nufa kar hayaƙi ya bi ku har shimfiɗa. Share ciyawa ƙat kamar mita 3 kewaye da murhu, gobarar daji laifi ne a Ghana, akwai dokar 1990 a kai.

Murhun duwatsu uku na cin itace, ka shafe gefensa da laka ka bar baki ɗaya, za ka ga bambanci. Amma kar ka ɗauko dutse daga bakin rafi, in ya sha wuta yana iya fashewa. Rufi kuwa kwano ya fi, tampol sai an ɗaga shi sosai. Kurfoti (murhun gawayi) kuma wallahi ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya kar a shiga da shi bukka a rufe, iskar gawayi ba ta wari amma tana kashe mutum cikin barci.

Gari, shinkafa, wake duk su shiga bokiti mai murfi, a ɗora kan ɗan gadon itace, a zuba toka a ƙafafunsa saboda tururuwa. Kifi koobi (busasshen kifi mai gishiri) da shito (soyayyen yajin barkono) suna jurewa, ɗanyen nama kuwa a ci ranar ko a ƙyafe shi.

Ruwan sha a galan Kufuor (jarkar roba rawaya) daban, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, alif datti kawai yake kwantarwa ba ya kashe cuta. Masai ya zama aƙalla mita 30 daga inda kuke ɗiban ruwa, ta gangare. In za ku samu bokitin Veronica (bokiti mai famfo na wanke hannu) ku ajiye shi da sabulu a bakin kicin.