Abincin Ayalan ba nama, zai yiwu kuwa?

'Yar uwa mai tambayar me za ki girka wa baƙuwarki 'yar Ayalan tunda ba ta cin nama, wallahi kin huta, don da yawa cikin girkinsu dama dankalin turawa ne da kabeji. Ki fara da colcannon, ki dafa dankali ya yi luguf ki dame shi da madara mai ɗumi da bota, ki zuba yankakken kabeji da kika tafasa sama-sama, sai ki yi ɗan rami a tsakiya ki sa bota ta narke a ciki. In lawashi kika sa maimakon kabeji sunansa champ.

Irish stew, wato farfesunsu, shi ne mai ɗan aiki saboda asalinsa naman rago ne, to ki soya mashrum da albasa sai sun yi ja sosai kafin ki zuba ruwa, karas, dankali da sha'ir, nan ɗanɗanon yake. Wasu a intanet suna tsiyaya Guinness a ciki, giya ce fa, ki tsallake ta.

Coddle, wato dahuwar naman alade ta Dablin babban birninsu, kam ki ƙyale shi, in an cire naman aladen kusan dankali da albasa kawai suka rage. Burodinsu soda bread kuma fulawa ce, bakin soda, gishiri da nono mai tsami, ba yis.