Amsa: Sa hannu a kan katin besbol mai ƙyalli

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa tawadar sa hannun da ɗan wasa ya yi maka a katin Topps Chrome ta dunƙule ɗigo-ɗigo, sannan ta goge. Santsin katin ne ya hana ta kamawa. Kafin ka miƙa kati mai ƙyalli, ka goga farar robar goge fensir a fuskarsa a hankali, ko ka barbaɗa hodar jarirai kaɗan ka murza da yatsa, sannan ka share da ƙyalle mai laushi. Ka ba ɗan wasan shuɗin alƙalamin maka na Sharpie wanda ka riga ka gwada a takarda. In ya gama, ka bar katin ya sha iska kamar minti ɗaya kafin ka zura shi a leda mai laushi, daga nan cikin gidan roba mai tauri. Kada ka ajiye shi inda rana ke bugawa, tawadar za ta koɗe.

Sai dai fa kada ka yi wannan gugar a katin shekarar farko ta ɗan wasa, in kana da niyyar aika shi PSA, kamfanin da ke duba lafiyar kati ya ba shi maki. Makinsu daga 1 zuwa 10 ne, kuma 'yar ƙarzuwa a fuskar kati tana iya sauke shi. Na neman sa hannu, ka tanadi katin Topps Heritage, takardarsa ba ta da wannan santsin. In kuma sayarwa za ka yi, masu saye za su nemi shaidar masu tantance sa hannu, irin su PSA/DNA, JSA ko Beckett, cewa hannun ɗan wasan ne.