Bugun Ƙirji a Haɗari da Yagewar Bawul ɗin Zuciya: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, wata biyu ke nan sitiyari ya bugi yayana a ƙirji a hanyar Zariya. Hoton ƙashi bai nuna karaya ba, amma yanzu haki yake, ba ya iya kwanciya rigingine. (Daga Kawo)

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada a jira, a kai shi asibitin koyarwa, Barau Dikko ko Shika, a yi masa eko, wato hoton zuciya. Bawul huɗu ne a zuciya, aikinsu hana jini komawa baya. Idan duka ya sauka daidai lokacin da bawul ke rufe, zuciya cike da jini, matsin kan yaga shi ko ya tsinke zaren da ke riƙe da shi, kuma hoton ƙashi ba ya nuna hakan. In na hagu ne, ruwa kan taru a huhu cikin awoyi ko makonni. Na dama kuwa yakan yi shekaru yana yoyo kafin ƙafafu su kumbura.

Tambaya: An ce za a yi wa ƙanwata aiki. Gyara ake yi ko canji? (Daga Rigasa)

Amsa: Ana buɗe ƙashin ƙirji, wani inji ya karɓi aikin zuciya da huhu, sannan a duba. In naman bawul ɗin zai riƙe ɗinki, gyara ya fi: a ɗinke, a sa sabon zare, a ƙarfafa bakin da zobe. In ya dagargaje, sai canji. Bawul na ƙarfe yana daɗewa, amma za ta sha warfarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwa, tana awon INR, wato awon tsinkewar jini, ana riƙe shi tsakanin 2 da 3.5 gwargwadon bawul ɗin. Warfarin na cutar da ɗan tayi, saboda haka idan tana son haihuwa, ta faɗa tun kafin aiki. Na fatar zuciyar saniya ba ya buƙatar maganin na dindindin, sai dai yakan gaji bayan shekara 10 zuwa 15, a jikin matasa ma ya fi saurin lalacewa. Mai shan warfarin ya guji maganin ciwo irin diclofenac da jiƙe-jiƙe. Ƙashin ƙirjin kan haɗe cikin mako 6 zuwa 8.

Tambaya: Me ya sa aka ɗage wa mahaifinmu aiki alhali an ga yagewar? (Daga Tudun Wada)

Amsa: Sau da yawa saboda rauni a kai ko a ciki ne. Injin ba ya aiki sai an tsinka jini sosai da heparin, wanda zai iya ɓarke zubar jini a ƙwaƙwalwa. In zuciya na jurewa, akan riƙe ta da magani har raunin ya lafa. Amma in hakinsa ya ƙaru ko ya fara tarin kumfa, ku sanar da likitansa nan take.