Harshen Sabiya ko na Suwidin: wanne ya fi sauƙin koyo?

Malam, ka tambaya wanne zai fi maka sauƙi tsakanin harsunan nan biyu, tunda kana jin Turanci. A ganina na Suwidin ne, domin danginsu ɗaya da Turanci da Jamusanci, kuma aikatau ba ya sauya siffa ko wane ne ya aikata. Alamar tabbatar da suna tana zuwa a ƙarshen kalma, kusan yadda muke cewa gida da gidan. Wahalarsa tana wajen furuci, saboda yawan wasula da kuma yadda rubutu ba ya bin lafazi koyaushe.

Harshen Sabiya kuwa ɗan'uwan Rashanci ne. Karanta shi ba wuya, domin gyaran da masanin harshe Vuk Karadžić ya yi a ƙarni na 19 ya ba kowane sauti harafinsa, kuma ana rubuta shi da haruffa 30, ko na Sirilik (irin na Rashanci) ko na Latin (irin na boko). Nahawunsa ne ke gajiyar da ɗalibi, saboda suna yana da jinsi uku, kuma ƙarshensa yana sauyawa ta fuskoki bakwai gwargwadon aikinsa a jimla. Duka harsunan biyu suna bambanta wasu kalmomi da karin sauti, abin da kunnen Bahaushe ya riga ya saba da shi.