Hancina ya toshe tun da na fara kwana da na'urar numfashi: in ajiye ta ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita. Ni magidanci ne a Ƙofar Ƙaura, cikin garin Katsina, shekarata 54, kuma ina shan maganin hawan jini. Bara aka yi mini gwajin barci saboda munshari da gyangyaɗin rana, aka ce numfashina yana ɗaukewa sau 38 a cikin awa ɗaya, aka sa na sayi na'urar CPAP mai takunkumin hanci, wadda ke tura mini iska lokacin barci. Da farko na ji daɗinta ƙwarai. Amma tun da sanyi ya shigo hancina ya kumbura ta ciki, ya toshe, da asuba kuma in tashi bakina a bushe ƙamas. Wani mai kemis ya ba ni Otrivin, yau wata huɗu ke nan ina fesawa, yanzu sai na fesa sau biyar ko shida a rana. Tsakar dare nakan cire takunkumin in jefar. Na'urar ce ta lalata mini hanci? In ajiye ta ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka ajiye na'urar. A ma'aunin da ake amfani da shi, ɗaukewar numfashi sau 5 zuwa 14 a awa ƙarama ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Kai kana kan 38, ga hawan jini. Duk daren da ka kwana babu ita, iskar da ke cikin jininka tana faɗuwa tana tashi, zuciya tana firgita sau ɗaruruwa kafin kiran sallar asuba. In ka bar ta saboda hanci, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Hancin shi za mu gyara, kuma mafi yawan lokaci yana gyaruwa.

Bari in fara da yadda cikin hanci yake, don ka gane abin da ya kumbura. A bangon kowace ƙofar hanci akwai wasu tsokoki guda uku jere da juna, ta ƙasan ita ce babba. Cike suke da ƙananan jijiyoyin jini, suna cika su motse kamar soso. Aikinsu shi ne su ɗumama iskar da ka shaƙa, su jiƙa ta, su tace ta kafin ta isa huhu. Ko a lafiyayyen mutum ɓangare ɗaya kan cika na 'yan awoyi, sai ya saki, ɗayan ya karɓa. In mutum ya kwanta kuwa jini yana ƙara taruwa a cikinsu, shi ya sa toshewar ta fi damunka da dare. To, ka ɗora iskar hunturu ta Katsina a kan wannan, iskar da ke tsattsaga leɓe da diddige, ga na'ura tana tura ta cikin hanci dare guda cur. Tsokokin nan ba su da wata hanyar kare kansu sai su kumbura.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne bushewar baki. Wannan alama ce babba cewa bakinka yana buɗewa cikin barci. A numfashi na yau da kullum, iskar da mutum ya fitar ta hanci tana mayar wa hancin wani ɓangare na danshin da ya bayar. In baki ya buɗe alhali takunkumi na kan hanci, iska tana shiga ta hanci ta fice ta baki, hanya ɗaya kawai, ba abin da ke dawowa. Hanci ya bushe ya kumbura, kumburin ya sa ka ƙara buɗe baki, buɗe bakin ya ƙara busar da hancin. Yawancin na'urorin yanzu suna rubuta yawan iskar da ke zurarewa kowane dare, a fuskarsu ko a ɗan katin da ke jikinsu. Ka sa wanda ya saita maka ita ya duba. Ka kuma roƙi uwargida ta lura da bakinka dare ɗaya ko biyu, shaidarta ta fi ta kowa ƙarfi a wannan fanni.

Sai maganin feshin nan, wanda a ganina shi ne yanzu ya fi riƙe da hancinka. Otrivin da danginsa irin su Afrin suna matse jijiyoyin jini ne, cikin 'yan mintoci hanci ya buɗe tas, mutum ya ji kamar an sauke masa kaya. Na kwana uku zuwa biyar aka yi su, in an matsa mako guda. Wanda ya zarce, da zarar ƙarfin maganin ya sauka sai tsokokin su dawo da kumburin da ya fi na da, tazarar feshi ta yi ta raguwa, daga sau biyu a rana zuwa sau shida kamar yadda ka kai. Na sha ganin mutum ya shigo ofishina da kwalba a aljihun gaba, wata a mota, wata ƙarƙashin matashi, in leƙa hancinsa in tarar da shi jajur, a kumbure. Ba laifinka ba ne, ba wanda ya gaya maka. Amma dole a rabu da shi, musamman da yake irin wannan magani na iya taɓa hawan jini.

Rabuwar tana da wuya, ba zan ɓoye maka ba. Makon farko shi ne mafi zafi, kuma wasu kan kai mako biyu zuwa huɗu kafin hancin ya dawo hayyacinsa. Dabarar da nake ba marasa lafiyata ita ce su daina fesawa a ƙofa ɗaya tukuna, su ci gaba da ɗayar da dare kawai, in ta farkon ta buɗe da kanta sai a saki ta biyun. A daidai lokacin likita zai ɗora ka kan wani feshin daban mai kashe kumburi, irin su Avamys, Nasonex ko Flixonase. Waɗannan ba sa buɗe hanci nan take, sai an jera kwanaki, cikakken aikinsu kan ɗauki mako biyu ko fiye, kuma a nan mutane da yawa ke yanke ƙauna su ce maganin ba ya aiki. Suna cikin dangin sitiroyid, amma kada sunan ya tsorata ka: abin da ke shiga jini daga feshin hanci kaɗan ne ƙwarai, ba kamar ƙwayoyin da wasu ke sha don su yi ƙiba ba. In kana da ciwon hawan ruwan ido (glaucoma) dai ka faɗa wa likitan. Yadda ake fesawa ma yana da muhimmanci. Ka ɗan sunkuyar da kai, ka riƙe kwalbar da hannun dama in za ka fesa a ƙofar hagu, da na hagu in ta dama ce, ka karkata bakinta wajen kunne, nesa da bangon da ya raba hanci biyu. Kada ka zuƙa da ƙarfi. Wanda ke harbin bangon tsakiya kullum shi ke ƙarewa da haɓo. Sau ɗaya a rana ya isa ga yawancinsu, don haka ko a watan azumi ana iya mayar da shi dare.

Kafin feshin, ka wanke hancin da ruwan gishiri. Ka tafasa ruwa rabin lita, ka bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba tuli ba, da bekin soda kwatankwacin haka in akwai. Ka tsaya kan baho, ka zuba a tafin hannu mai tsabta ka shaƙa a ƙofa ɗaya ka fyace, kusan yadda kake yi a alwala, ko ka yi amfani da babban sirinji mara allura. Safe da dare, ka haɗa sabo kullum. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa da ba a tafasa ba kada ya shiga wannan aiki.

Yanzu ita na'urar. Ba ka faɗa mini ko taka tana da ɗan tankin ruwa mai ɗumama iska ba. In tana da shi ka kunna, ka riƙa ƙara lambarsa ɗaya-ɗaya duk bayan dare biyu har ka ji hancin ya daina raɗaɗi. In ba ta da shi, sayensa ya fi kowane magani amfani a garinmu daga Nuwamba zuwa Maris. Na san da yawa suna kashe shi ne saboda yana cin batirin inbata fiye da ita kanta na'urar. In haka ne, ko zuba ruwan a tankin ba tare da kunna ɗumin ba ya fi babu. Tataccen ruwa irin na asibiti shi ya fi dacewa. In bai samu ba, tafasasshe da ya huce, a zubar da ragowar kowace safiya, a wanke tankin a shanya a inuwa. Ka guji ruwan batir na bakin titi, ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Kada ka zuba Robb, man zafi ko turare a tankin, kada kuma ka cusa Vaseline cikin hanci kafin ka sa takunkumi, domin maiƙon na iya gangarawa huhu, yana kuma lalata robar. In ruwa yana taruwa a tiyo a daren sanyi har yana ɗigo maka a fuska, ka sauke na'urar ƙasa da tsayin gado, ka naɗe tiyon da tsohon rawani ko safa.

Ka juya bayan na'urar ka ciro 'yar matatar iskar ka duba ta a haske. Wani dattijo ya taɓa kawo mini tasa a tsakiyar Janairu, matatar da aka saya fara sol ta koma kalar jan bulo, wata shida ba a taɓa ta ba. Wanda ya ƙera na'urar yana da lissafinsa na lokacin da za a canza ta, amma ba da hazon Katsina ya yi lissafin ba. A hunturu ka duba ta duk mako. Ka ɗaga na'urar daga kan darduma, ka nisanta ta da taga. Maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta a ɗakin da take aiki, kai tsaye cikin hancinka take aika su. Gidan sauro ya fi maka. Janareta kuma ya yi nisa da ɗakin kwana.

In aka tabbatar baki ne ke buɗewa, akwai maɗaurin haɓa, akwai kuma takunkumin da ke rufe hanci da baki gaba ɗaya. Wannan na biyun shi nake so ka samu ko da na makonnin da za ka yi kana yaye kanka daga Otrivin ne, don kada toshewar ta raba ka da na'urar. Ƙarfin iskar kuma kada ka rage shi da kanka, ka bar wa wanda zai karanta bayanan katin.

Duk wannan bai ɗauke maka zuwa wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro ba, domin toshewar wata huɗu ta cancanci a leƙa a gani da ido. Za a zura siririyar kyamara mai haske cikin hancin bayan an fesa maganin kashe zafi, aikin mintoci kaɗan. Abin da muke nema: ko bangon tsakiya ya karkace, ko akwai tsiro mai laushi irin wanda ke zuwa da rashin jin ƙamshi da asma, ko ruwa mai kauri yana gangarowa daga kogunan ƙashin fuska. In toshewa da majina mai kauri, da nauyin fuska ko rashin jin wari suka wuce mako 12, akan ƙara da hoton CT. In kuwa atishawa ce a jere da ƙaiƙayin hanci da ido da ruwa tsinkakke, hankali zai koma kan borin jiki ga ƙura ko wani abin da kake shaƙa, a haɗa maka da ƙwaya irin loratadin ko setirizin. Piriton da maganin tari mai kodin da ƙwayoyin barci ba naka ba ne, suna ƙara wa mai ɗaukewar numfashi nauyin barci. Magungunan mura na haɗi kuma da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaga hawan jini. Ko da an kai ga tiyatar gyara bango ko rage tsokar, ka sani a mafi yawan mutane tana sauƙaƙa kwana da na'urar ne, ba ta maye gurbinta.

Akwai alamomin da ba a jira da su ko kwana uku: toshewar ɓangare ɗaya kawai da ba ta sauyawa, musamman in da jini a majina, kumburin ido ko ganin abu biyu-biyu, kunne ɗaya ya toshe tare da ƙullutu a wuya, ruwa garai kamar hawaye yana ɗiga ta ƙofa ɗaya in ka sunkuya, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi.

Ka fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. In ana buƙatar ƙarin bincike za su iya tura ka Asibitin Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ranar da za ka je ka tafi da na'urar da takunkumin da takardar gwajin barcin, da kwalbar Otrivin ɗin, da duk maganin da kake sha a cikin kwalinsa, domin wasu magungunan hawan jini da na kumburin prostate mai tare wa maza fitsari, da masu ƙara ƙarfin namiji, su ma suna toshe hanci. Kada dai ka daina ko ɗaya kafin likita ya gani. Kuma duk safiyar da ka tashi ka tarar da takunkumin a ƙasa, in tafiyar Kano ko Daura ta kama ka a ranar, ka ba wani tuƙin, kada gyangyaɗi ya kama ka a hanya.