Sojojin jikina sun ragu, ƙanjamau ce ta fara?

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata ɗaya ina shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ko kwana ɗaya ban taɓa tsallakewa ba, amma CD4 ɗina, wato awon sojojin jikina, da yake 480 yanzu ya dawo 410, ɗaya takardar kuma an rubuta ƙasa da 50. Wallahi bacci ma ya gagare ni. Daga wata baiwar Allah a Ɗorayi.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, waccan takardar ta biyun da kika ambata a gurguje ita ce babban albishir ɗin. Awon yawan ƙwayar cutar ne a jini, bairal lod da kike ji ana faɗa a kilinik, kuma ƙasa da 50 yana nufin magani ya danne ta har na'ura da ƙyar take ganinta. Tun 1996 bincike a Amurka ya nuna wannan awon ya fi CD4 hango inda ciwon ya dosa, mai ƙwayar cuta da yawa shi ne sojojinsa suke saurin zubewa, wanda baya shan magani kuwa yawanci shekara 8 zuwa 10 take ɗauka kafin ta kai shi ga ƙanjamau.

CD4 kuma, su ne sojojin jikin da ake gaya muku, mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500, ba a kiran abin ƙanjamau sai sun faɗo ƙasa da 200 ko kuma wata babbar cuta, kamar wani nau'in sanƙarau mai kama masu raunin garkuwa, ta samu ƙofa ta shigo. Kina ina, 200 tana ina? Kuma lambar nan bata zama waje ɗaya, jinin da aka ɗiba da safe da na yamma ma sai su bambanta, balle ace kin yi zazzaɓin maleriya daf da ɗibar jinin, abin da kusan kowane gida a Kano ya sani da damina. Abin yana damuna yadda ake miƙa wa mutum takarda a layi ba wanda ya zauna ya fassara masa, ya tafi gida yana kuka a banza.

Ki ci gaba da haɗiyar ƙwayar maganinki a lokacin da kika saba, ranar kilinik ki tafi da takardun biyu ki faɗa musu in kin yi zazzaɓi. In kuwa tari ya ƙi tafiya, ko zufar dare, ko rama, ko ciwon kai mai naci, kar ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, ki je a duba ki.