Daga Ina Kuɗin Ƙaramar Hukuma Ke Fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, kullum muna jin shugabannin ƙananan hukumomi suna kukan rashin kuɗi, shin daga ina kasonsu yake fitowa, kuma wa ke tsara kasafinsu? Daga wani mai karatu a Jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Mafi yawan kuɗin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya daga asusun tarayya suke zuwa, inda kasonsu ya kai kashi 20.60 cikin ɗari, sai ɗan abin da suke tarawa na harajin kasuwanni da tashoshin mota. Shugaban ƙaramar hukuma ne ke gabatar da kasafi, kansiloli su amince da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumominta da sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, domin ta nan ne gwamnoni suka daɗe suna riƙe kuɗin. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kodayake a ganina albashin malaman firamare kaɗai ya isa ya lamushe babban ɓangare na kason.